Tsohuwa Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Litinin, 23 ga Satumba, bayan la'asar

Wannan littafin a cikin ragowar waɗanda aka kawo mana makarantar da nake koyarwa na samo shi. Ba labari zan riƙa rubutawa a ciki ba. Maganar madabod ce kawai, don kada in rikice in sayo wanda bai dace ba.

Madabod shi ne faffaɗan allon nan na cikin kwamfuta da ake dasa komai a jikinsa, firosesa da ram da katin hoto da sauransu. Namu ya ƙone ranar Asabar da hantsi. In ce na Yaya Kamaru, tunda shi ya yi shekara uku yana tsinto kayan ɗaya bayan ɗaya har ya haɗa kwamfutar. Iyakacin gudummawata ni Mudassir ita ce ɗakin da aka ajiye ta. A Ungogo ɗaki ɗaya suke haya shi da amaryarsa Raudatu, nan gida kuwa ya sa mana sola, da yake sana'arsa ke nan. Duk Lahadi yake zuwa mu yi ta buga ƙwallo da tseren motoci, har Inna ta leƙo ta ce, "Ƙarti biyu, gyaɗa tana gona kuna nan kuna kallon aljanu."

Yaya yana asibiti a birni. Ya faɗi a babur a hanyar Ɗambatta ranar Asabar ɗin, ana ruwa. Bai farfaɗo ba tukuna. Inna da Raudatu suna wurinsa, ni an ce in zauna in kula da gida da gona.

Abu na farko da zan duba shi ne soket, wato gurbin da firosesa yake zama. In bai zo ɗaya da namu ba, ko na zinariya ne ba shi da amfani. Na biyu, girmansa ya shiga akwatinmu. Na uku na manta. So nake kafin Yaya ya buɗe ido kwamfutar ta tashi.

Talata, 24 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

Ɗan'auta, mai shago a titin Beirut a birni, wanda Yaya yake sayen kaya a wurinsa, ya turo min hotuna uku. Na farko sabo ne fil a kwali, amma ya ce ba ya yarda a ƙure wa firosesa gudu, yadda kamfani ya saita shi haka zai yi ta tafiya kamar jakin kai taki. Na biyu na hannu ne, yana yarda a ƙure, sai dai gurbin ram guda ya mutu. Na uku na 'yan gayu ne, ko'ina fitilu.

Ya tambaye ni me ya kashe namu. Na ce wutar sola ce ta yi sama. Ya ce, "Ikon Allah. Aikin Kamaru da kansa?"



Laraba, 25 ga Satumba, bayan magariba

Na je asibiti. Ba zan kwatanta yadda na gan shi ba.

A baranda muka zauna, ni da Inna da Raudatu da Gwaggo Hure, yayar marigayi Baba. Ranar Asabar babu wanda ya samu natsuwar bin ba'asi, to yau Gwaggo ta samu. Me ya fito da Kamaru cikin wannan ruwa, mutumin da Lahadi ce ranar zuwansa, har yake irin gudun da aka ce yana yi? Raudatu ta ce ai ta faɗa tun ranar farko. Ita ta je ta same shi a ginin da yake aiki ta ce masa Inna ta rasu.

Gwaggo ta nuna Inna da baki. "Ga mamaciyar nan zaune tana jan carbi. Wa ya gaya miki?"

Raudatu ta juyo ta kalle ni, idonta duk ya kumbura. Ta ce, "Malam, ba kai ka kira wayar Yayanka na ɗauka ba? Ba ce min ka yi in gaya masa tsohuwa ta riga mu gidan gaskiya ba?"

Na ce, "Ni? Haba Amarya. Cewa na yi kwamfuta ta lalace."

"Wallahi tsohuwa na ji ka ce."

"Ƙila sabis ne. Kin san garinmu."

Haka na ce. Na rubuta shi nan yadda ya fito daga bakina. Gwaggo ta tafa hannu ta ce ina kwamfuta ina tsohuwa, ko kurma ba zai haɗa su ba. Inna ba ta ɗago ba. Raudatu ta tashi ta ce za ta je ta wanke fulas.

Alhamis, 26 ga Satumba, da azahar

Bai farfaɗo ba.

Juma'a, 27 ga Satumba, bayan saukowa daga masallaci

Tsohuwa sunan madabod ɗin ne.

Yaya ya sa masa, ranar da ya kawo shi a cikin buhun taki don kada ruwa ya taɓa shi. Ya ce tunda Turawa uwa suke kiransa, ga shi kuma ya sha duniya kafin ya zo hannunmu, to Tsohuwa ce. Har a jikin salatif ya rubuta ya manna mata. Mu biyu kaɗai muka san sunan. In ya kira ni sai ya ce, "Ya Inna, ya Tsohuwa?" in ce duka biyun suna lallaɓawa.

Ya sha yi min gargaɗi kada in taɓa wutarta. Shi da kansa ya ƙara wa firosesa gudu, kaɗan-kaɗan, kwana da kwanaki yana gwadawa yana duba zafi, ya tsaya inda ya ga za ta iya ɗauka. Ya ce masu bidiyon nan da nake kallo a cikin ƙanƙara suke zaune, mu kuwa a Makoɗa muke, ƙarƙashin kwano. Ni kuma abin da yake ba ni haushi shi ne a tseren motoci, in an zo kwana sai hoton ya ɗan riƙe. Na kalli bidiyo uku na zama injiniya. Ranar Asabar, bayan na ba Inna maganin hawan jininta ta kwanta, na shiga saiti na ƙara gudu. Ta ƙi tashi. Na ƙara wuta, ta tashi. Daɗi ya kama ni na sake ƙarawa. Minti ashirin ta yi, sai na ji wari irin na takalmin roba a murhu.

Tsoron Yaya ya kama ni, sai na ga gara in naɗe maganar da wasa. Da na kira, ya bar wayar a gida tana caji, Raudatu ta ɗauka. Tun da aka kawo ta nake tsokanarta, ai ƙanin miji ne ni, an ba ni lasisi. Har murya na sauya, na yi ƙasa da ita irin ta mai kai saƙon rasuwa. Na ce, "Amarya, ki gaya wa Yaya sai haƙuri. Tsohuwa dai ta riga mu gidan gaskiya." Na kashe da sauri don kada dariya ta ƙwace min.

Duk wancan satin Inna tana kwance, Raudatu ta sani, ita ta aiko mata da farfesu ranar Alhamis. Kuma duk saurayin da ke ƙasar Kano in ya ce tsohuwa, uwarsa yake nufi. Na san haka. Kowa ya san haka.

Akwai sauran magana, amma ba yau ba.

Asabar, 28 ga Satumba, bayan la'asar

Mun fara cirar gyaɗa. Ƙasar tana da laima, ba ta ba mu wahala ba, kuma ta yi 'ya'ya fiye da bara. Babu wanda zan gaya wa ya yi murna.

Gwaggo ta zo ɗaukar wa Inna kayan sawa, mata suka cika tsakar gida yin jaje. Ina cikin ɗakina ina jin su. Gwaggo ta fara lissafi: wata huɗu da shigowar yarinyar nan, tunkiyar Inna ta mutu da ciki, Inna ta kwanta, yanzu ga Kamaru. Wata ta ce ita dama tun ranar biki ta lura da tafiyarta. Wata ta ce a'a, a dai bar wa Allah. Sai Gwaggo ta faɗi kalmar. Farar ƙafa. Ta ƙara da cewa in ma ba wannan ba, macen da za ta kashe surukarta da baki ai abar tsoro ce.

Tunkiyar leda ta ci. Ni na feɗe ta, na gani da idona.

Na buɗe akwatin kwamfutar na ɓare salatif ɗin da Yaya ya manna. Ya bar shaidar gam a wurin, na goge da kananzir.

Litinin, 30 ga Satumba, lokacin tara a makaranta

Na gano abu na ukun da na manta, kuma shi ne ma babba. A gefen gurbin firosesa akwai waɗansu 'yan ƙananan abubuwa a jere, su ne suke tace wuta kafin ta shiga cikinsa. In mutum zai ƙure gudu, su suke ɗaukar wahalar. Na Tsohuwa huɗu ne kacal, kuma tsirara suke, babu ƙarfen da zai sha musu zafi. Daidai nan ta yi baƙi. Wanda zan saya dole ya zama da takwas ko fiye, da ƙarfe mai kauri a kansu. Fitilu ba su dame ni ba.

Ɗan'auta ya ce akwai wani da zai iso masa ranar Juma'a, har da ɗan maɓalli a baya, in mutum ya ɓata saiti sai ya danna komai ya koma yadda yake. Na ce ya ajiye min.

Hedimasta ya tambaye ni jikin Yaya, ya ce ya ji an ce matar ce ta ja. Na ce Allah dai ya ba shi lafiya. Duk wanda ya faɗa min haka, abin da nake cewa ke nan, kuma ina sane da cewa kamar na ce e ne.

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan magariba

Malam Sama'ilu, mahaifin Raudatu, ya zo daga Rimin Gado ya tafi da ita.

Ba a yi faɗa ba. Da ma an yi. Ashe tun shekaranjiya Gwaggo ta hana ta shafa wa Yaya ruwan tofi, ta ce a bar na jininsa su yi. Jiya kuma ta sa aka mayar mata da kwanon abincin da ta dafo. Malam Sama'ilu dattijo ne mai sanyin magana. Ya gaida Inna, ya yi addu'a doguwa a kan Yaya, sannan ya ce yana ganin yarinyar ta galabaita, bari ta je gida ta ɗan huta. Gwaggo ta ce hakan ya yi. Inna ta ce, "Malam, da ka bar ta." Amma a hankali ta faɗa, kuma sau ɗaya.

Ina tsaye a wurin. Hannuna a aljihu.

Da za su tafi Raudatu ta miƙo min wayar Yaya, gilashin duk ya tsattsage. Ta ce, "Malam, riƙe masa. Masu aiki suna ta kira ban san me zan ce musu ba." Sannan ta ce, "In na yi maka ƙarya a gaban mutane, ka yafe min. Ni dai haka na ji kamar ka faɗa."

Na ce babu komai. Ni na yafe mata. Ni.

Ga sauran maganar da na ce ba ranar ba. A cikin wayar akwai kiran da Yaya ya yi bayan Raudatu ta kai masa ita, kafin ya hau babur. Ya kira Gwaggo bai shiga ba. Ya kira Inna, wayarta tana ɗakina a mace, don na zare komai daga soket ɗin bango da na ji wari. Ni ya kira ni sau goma sha ɗaya. Duk sun shigo. Ina zaune a bakin katifa ina kallon sunansa yana haske yana mutuwa, ina cewa bari ya huce tukuna, faɗan kwamfuta zai yi min.

Na ɗora yatsa zan goge. Ban goge ba. Ba kuma don kirki ba.

Alhamis, 3 ga Oktoba, da safe

Gurbin ram huɗu ko biyu? Biyu sun ishe mu. Amma Yaya yana son huɗu.

Juma'a, 4 ga Oktoba, bayan la'asar

Inna ta bugo ta ce ya motsa hannu, har ya riƙe mata ɗan yatsa. Tana kuka tana hamdala. Na yi hamdala tare da ita.

Da na ajiye wayar sai na tuna wani abu. A duniyar nan mutum ɗaya ne zai ji abin da Raudatu ta ce na faɗa ya gane nan take, shi ne Yaya. Na yi kusan minti ɗaya ina jin tsoron tashinsa. Ɗan'uwana, wanda ya goya ni zuwa makarantar allo da na taka ƙaya. Astagfirullah. Na rubuta don kada gobe in ce ban ji haka ba.

Asabar, 5 ga Oktoba, bayan magariba

Na shiga birni, na fara biyawa Beirut kafin asibiti. Wannan ma abin rubutawa ne.

Shagon Ɗan'auta bai fi bayan akori-kura ba, amma babu abin da babu. Ya jera min guda uku a kan kanta yana ta zuba. Ya ɗaga mai fitilu ya ce, "Wannan na yaran Alhazai ne, kyau ne kawai, in ka matsa masa sai ya hau yi maka kuka." Ya ɗauko wanda ya ajiye min ya ɗora min a tafin hannu. "Ji nauyi, Malam. Duk ƙarfen shan zafi ne. Masu tace wutar goma ne, soket irin naku, ram huɗu. Ga wurin fanka har biyar, don na san garinku."

Na fito da Tsohuwa daga jaka don a gwada girma. Ya karɓa ya juya ta, ya shinshina, ya kai ta kusa da fitila. Sannan ya kalle ni ta saman tabarau.

"Malam, wannan ba sola ba ce. Sola ta wancan gefen take fara ci. Wannan hannu ne."



Ya yi dariya ya ce, "Kada ka damu, duk mun ƙona. Ni uku na ƙona kafin na yi hankali. Ka dai daina ɗora wa aikin Kamaru, mutane suna ji, sana'arsa ce."

Ko wannan ban yi tunani ba. Mutum nawa na gaya wa sola ce? Hedimasta, da mai shayi, da Liman.

Na ɗauki mai ƙarfen. Ya sa min a kwali ya ɗaure da roba, ya ce in gaida Kamaru in ce masa yana nan yana jiransa. A asibiti na zauna da kwalin a cinya. Gwaggo ta tambaya ko magani ne, na ce kayan makaranta ne.

Lahadi, 6 ga Oktoba, da azahar

Na ɗaura shi. Firosesa bai mutu ba, ram ma haka. Dannawa ɗaya ta tashi, fankoki suna juyawa shiru, hoto tas. Ban taɓa saiti ba.

Na buɗe wasan ƙwallo, ya tambaye ni mutum ɗaya ne ko biyu. Na kashe na fita shanyar gyaɗa.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan magariba

Ya farfaɗo. Alhamdu lillahi. Wannan karon har cikin zuciyata.

Ina wurin. Da ya buɗe ido sosai, abin da ya fara cewa shi ne, "An kai ta?" Inna ta matso da fuskarta ta ce ga ta nan, babu inda aka kai ta. Ya daɗe yana kallonta, hawaye suna shiga masa kunne. Sai ya ce ina Raudatu. Gwaggo ta ce ta je gida hutawa, kada ya damu kansa da wannan yanzu. Ya ce hutawa kamar yaya. Nas ta ce a bar shi haka.

Bai tuna hanya ba, bai tuna ruwan ba. Ya tuna yana kan tsani Raudatu tana kiran sunansa daga ƙasa babu mayafi.

Da yamma ya ɗan samu ƙarfi, ya hango ni a bakin ƙofa ya yi min alama in zo. Muryarsa kamar ta wani. Ya ce, "Malam, ya Tsohuwa? Ka dai bar ta ta huta ko?"

Inna ta ce, "Ai ga ni, lafiyata ƙalau."

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ba ke ba, Inna."

Gwaggo tana waje tana alwala. Inna ta juyo ta kalle ni. Ban san ko ta gane ba. Ta dai kalle ni, sannan ta gyara masa bargo.

Likita ya kira mu gefe ya yi mana maganar raunin ƙafarsa. Ba zan rubuta ba sai sun sake dubawa.

Laraba, 9 ga Oktoba, da asuba bayan salla

Na je makaranta jiya? Ban je ba. Yau ma ba zan iya ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan la'asar

Na gaya wa Yaya. Na jira Inna da Gwaggo suka tafi salla, na durƙusa a gefen gadon na faɗa masa tun daga ƙarin wuta har zuwa kira goma sha ɗaya, har abin da na ce a baranda, har kalmar da ake kiran matarsa da ita yanzu a gida. Da na gama, wauta ta sa na ƙara da cewa na sayo sabo, mai kyau, na ɗaura, tana aiki.

Ya juya fuskarsa bango. 

Ya ce, "Kana ganin kwamfutar ce ta dame ni?"

Na ce a'a.

"Ƙafar ma ƙaddara ce, ni na yi gudu. Amma kana tsaye aka tafi da ita, Mudassir."

Rabon da ya kira ni da sunana tun kafin in fara koyarwa, kullum Malam yake ce min cikin tsokana. Ya ce in je in dawo masa da matarsa, kuma kada in sake zuwa asibitin sai tare da ita.

Asabar, 12 ga Oktoba, bayan magariba

Rimin Gado. Mota uku na hau.

Malam Sama'ilu ya shimfiɗa min tabarma a zaure, aka kawo ruwa. Na faɗa masa komai. Bai katse ni ba, yana dai ta murza gefen tabarmar da yatsa. Da na gama ya ce, "Malam, kai da kake koya wa 'ya'yan mutane." Iyakacin faɗan da ya yi min ke nan. Ya tashi ya kira ta.

A bakin ƙofar zauren ta tsaya, ta ciki. Ta rame. Na sake faɗa daga farko, don ita ban so ta ji a bakin wani. Da na zo wurin sunan madabod ɗin sai ta ce in maimaita. Na maimaita.

Ta ce, "Ashe na ji daidai."

Na ce daidai kika ji, kalma da kalma.

Ta zauna a ƙasa a wurin. Ta ce, "Ka san me nake yi tun ranar? Kullum in na idar da salla sai in roƙi Allah ya yafe min ƙaryar da na yi wa ƙanin mijina. Na zauna na yi ta juya maganar, har na fara jin muryarka tana cewa kwamfuta. Na ce wa Baba ya kai ni a duba min kunne. Na ce ko aljanu ne. Har na fara yarda da abin da Gwaggo ta ce."

Na ce ta yafe min don Allah don Annabi.

Ta ce, "Yafiya ba ta da wuya, Malam. Amma ba a nan aka ɓata ni ba. A tsakar gidanku ne, a gaban mata. Ka je can ka faɗa yadda ka faɗa min, sannan ka kira ni ka gaya min abin da suka ce."

Malam Sama'ilu ya ce maganarta ita ce tasa.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau aka yi gayyar ɓarar gyaɗa, mata sun fi goma sha biyar a tsakar gida. Inna da Gwaggo sun zo tun jiya don su ga amfanin gonar, an bar wa Yaya wani abokin aikinsa. Ban taɓa tsayawa a tsakiyar mata na yi magana ba tun da na girma. Na yi sallama na ce ina da magana, suka ɗago suna dariya, wata ta ce ko Malam ya samo mata ne.

Na faɗa. Ban rage komai ba. Na ce Raudatu ba ta yi ƙarya ba, ni na yi. Na ce tunkiya leda ta ci. Na ce solar Yaya lafiyarta ƙalau. Na ce na ga kiransa sau goma sha ɗaya na ƙi ɗauka.



Gwaggo ce ta fara magana. Ta ce, "Au, wannan ce maganar? To ai wasan ƙanin miji ne, wa ba a yi wa ba? Ni ƙanin mijina cewa ya yi ɗakina ya kama da wuta." Aka yi dariya. Ta ce, "Yaro ya yi wasa, ita da take matar aure me ya hana ta tambaya? Sai ta kwasa a guje ba ko mayafi?" Wata ta ce gaskiya kam akwai gaggawa. Wata ta ce in ma shi ya faɗa, ai ta bakinta ta fita, kuma irin wannan abin haka yake bi. Wata ta ce Allah sarki Malam, dubi yadda ya rame, abin yana ta cinsa. Har gyaɗa aka miƙo min a faifai.

Na ce ni ba yaro ba ne, na girmi Raudatu da shekara shida. Babu wadda ta ji.

Inna kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta kakkaɓe zaninta ta shiga ɗaki. Na bi ta na durƙusa a ƙofa na yi sallama sau uku, ba ta amsa ba.

Na zagaya bayan gidanmu inda sabis yake kamawa na kira Raudatu. Bugu ɗaya ta ɗauka. Ta ce, "Ka faɗa?" Na ce na faɗa. Ta ce, "Me suka ce?"

Amsa mai daɗi tana kan harshena, a shirye. Da na ce sun yi nadama, da gobe tana ɗakinta, kuma da wuya ta taɓa ganewa. Na haɗiye ta. Na gaya mata abin da Gwaggo ta ce, da abin da sauran suka ce, har faifan gyaɗar.

 Sannan ta ce in gaya wa Yaya gobe da safe za ta zo asibiti ta wuni a wurinsa, Babanta zai kawo ta. Na ce da yamma sai mu wuce gida tare ke nan.

Ta ce, "A'a, Malam. Baba zai jira ni."